Suwaitar da Ba a Raba Ba

Babana ya yi aikin reluwe a Kafanchan tun jirgi yana jirgi, kuma da ya ajiye aiki abu biyu ya fito da su: tari da suwaita. Tarin ya tafi da shi kabari. Suwaitar ce ta rage mana.

Koriya ce, ko in ce koriya aka haife ta. Lokacin da na yi wayo ta riga ta koma launin miyar kukar da aka manta a bayan murhu. Nauyinta kuwa, idan ta jiƙe sai an kira maƙwabta. Baba yakan sa ta daga an fara tonon citta har ruwan farko ya sauka, ya je aiki da ita, ya je sujada da ita, ya yi mana faɗa da ita. Ban taɓa ganin hannuwansa daga gwiwa zuwa sama ba sai ranar da aka yi masa wanka na ƙarshe.

A wajenmu, can ƙauye kusa da Nok, idan namiji ya mutu aka gama makoki, akan shimfiɗa tabarma a tsakar gida, a fito da suturarsa duka, 'yan'uwa su raba. Maganar gona daban ce, ita tana da nata faɗan. Wannan rabon don kowa ya tafi da wani abu na mamacin a jikinsa ne. Riga, wando, hula, har bel. Na ga mutumin da aka ba takalmi ƙafa ɗaya ya yi godiya, ya ce zai nemi wanda ya samu ɗayan su riƙa karɓa-karɓa.

Ƙanin babana, wanda muke kira Baba Ƙarami, manomin citta ne, dogo siriri, kuma ya daɗe da sa wa suwaitar nan ido. Tun Baba yana raye, idan ya zo gaisuwa, sai ya kama hannun suwaitar yana murzawa tsakanin yatsu, sannan ya tambayi Baba yaya jiki.

Ranar rabon ta faɗo a watan Maris, cikin irin zafin da kaza ke yawo baki buɗe. Aka zube kaya a tabarma, babu suwaita. Aka duba akwati, aka duba ƙarƙashin gado, wani har rumbu ya leƙa. Ana cikin haka sai ga Mama ta fito daga ɗaki sanye da ita a kan baƙin zaninta, gumi yana bin haɓarta. Ta nemi kujera ta zauna a tsakiyar rana.

Baba Ƙarami ya gyara murya. "Matarmu, ai wannan tana cikin kaya."

Mama ta amsa masa da yarenmu, ba ta ko dube shi ba. "Tana cikin kaya. Ni kuma ina cikinta."

Dattawa suka koma gindin mangwaro suka haɗa kai. Babu wanda ya taɓa jin an tuɓe wa gwauruwa riga a bainar jama'a, babu kuma wanda yake son a fara da shi. Suka dawo da hukunci: muddin suwaitar tana jikin Mama, tata ce, ranar da ta ajiye ta, ta ƙanin mijinta ce. Sun ɗauka zafi zai gama musu shari'ar kafin la'asar. Dattawan nan duk sun rasu yanzu. Shari'ar tana nan.

Bayan haka Mama ta dawo gidana a Kafanchan. Ni direba ne, ƙaramar bas nake ja daga Kafanchan zuwa Kwoi. Matata, wadda duk unguwa ke kira Madam, koyarwa take yi a firamare. Muka ba Mama ɗakin da rana ke fara bugawa da safe, ta shiga da suwaitarta, suka zauna. Idan za ta wanke ta sai ta kulle ƙofa, ta wanke a bokiti, ta rataye a ƙusar bayan ƙofa, ta zauna tana gadi har ta bushe. Baba Ƙarami kuma duk sanda ya kawo citta kasuwa sai ya biyo. Yakan fara duban suwaitar, ya tabbatar tana nan, sannan ya gaishe da wadda ke ciki.

Shekaru suka yi ta wucewa, kuma suwaita ba ta ƙara ƙuruciya. Gwiwar hannu ta tafi. Wuya ya saki har ya kusa zama ƙugu. Ramukan da ke jikinta suka yi ta haɗuwa da juna kamar unguwanni, har ya zama iska tana shiga ta gaba ta fita ta baya ba ta gaishe da kowa ba. Madam ta sayo sabuwa a gwanjo. Ƙanwata ta aiko da wata daga Jos, mai kauri kamar katifa. Zumuntar mata ta cocinmu ta kawo wata da addu'a a kai. Duk suna cikin akwati. In an ce ta ɗora sabuwa a sama, sai ta ce ƙanin mijinta zai ce ta ɓoye tsohuwar ke nan, ɓoyewa kuma ƙanwar ajiyewa ce. In an ce ta sa a ciki, sai ta ce babanmu bai taɓa haɗa ta da wata ba.

Sai wata shekara, farkon Disamba, sanyin nan da ke gangarowa daga duwatsun Kagoro ya sami ƙirjin Mama a buɗe, ya shiga. Tari ya fara, zazzaɓi ya biyo, muka kwashe ta sai asibiti. Nas ta zo za ta sa mata ƙarin ruwa, ta kama hannun suwaitar a hankali don ta naɗe shi sama. Hannun ya biyo ta. Ta tsaya riƙe da shi, tana dubansa, tana dubana. Kafin a gama juya Mama a kan gado, sauran ta rabe gida biyu daga wuya har ƙasa. A leda aka miƙo mini ita.

Likita ya ja ni gefe. Ya ce za ta tashi a wannan karon, amma huhun ya tsufa. "In kuka mayar da ita gida sanyi ya sake kama ƙirjin nan, kada ku wahalar da mota. Ku kira fasto kawai."

Da Mama ta farfaɗo ba ta tambayi inda take ba. Ta shafa ƙirjinta, ta ji rigar asibiti.

"Ina take?"

"Tana wajen gyara, Mama."

"Ƙanin babanka ya sani?"

"Bai sani ba."

"Kada ya sani. Kuma kada ka kawo mini wata, ba zan sa ba."

Na san ba wasa take yi ba. Matar da ta zauna a ranar Maris da suwaita don ta ci shari'a za ta zauna a sanyin Disamba babu suwaita don dalili ɗaya.

Na zaga teloli da ledata. Na farko ya buɗe, ya rufe, ya ce Allah ya ba da haƙuri. Na biyu ya ɗaga ta sama yana kallona ta cikin ramukan, ya ce, "Oga, riga ake ɗinkawa a jikin riga. A nan ina rigar?"

Madam ce ta ce in je wajen Hajiya. Hajiya mai sayar da zaren ulu ce da hulunan jarirai a cikin kasuwa, a rumfar da ta gada daga uwarta, ita ma daga tata uwar. Ina jin kasuwar ce ta zo ta same su a wurin. Duk jaririn da aka haifa a unguwarmu, na coci da na masallaci, da hularta ya fara ganin duniya. Ta baje suwaitar a kan tebur, ta kamo bakin zare ta ja. Ya biyo ta kamar tsawon hannu, ya tsinke. Ta sake ja, ya sake tsinkewa.

"Direba, wannan zaren ya gaji. Ba zai sake zama riga shi kaɗai ba."

Na ce to shi ke nan, bari in je in fara gaishe da fasto.

"Zauna, ban gama ba." Ta jawo wata 'yar saƙa mai kusurwa huɗu, faɗin tafin hannu, ta ɗora a gabana. "Wannan saƙar kaka ake ce mata. Daga tsakiya ake farawa. Ka ga wannan ɗan zagayen? Shi ne ido. Ido ba ya cin zare, guntu ɗaya irin wanda na tsinka ya ishe shi. Sauran sai a kewaye da sabon ulu. A yi irinta da yawa, a haɗa, riga ta fito. Kowace ɗaya da zaren babanka a idonta."

Na ji kamar in ɗauki Hajiya da teburinta in zaga kasuwa da su. Na ce to, bismilla, ta fara.

"Wa? Ni? Kirsimeti ya zo, jarirai sun yi mini layi tun suna ciki. Hannuna babu fili sai bayan sabuwar shekara."

Na koma gida wajen Madam, wadda ta iya saƙa tun tana makarantar kwana. Ta saurare ni har ƙarshe tana yankan alayyafo.

"Baban yara, ni matar ɗa ce. In na warware rigar nan ta lalace, har jikokina sai an riƙa nuna su da baki a coci. Kai ɗanta ne. Kai ake yafe wa."

Haka saƙa ta faɗo a kaina.

Ya kamata in faɗi wani abu game da hannuwana. Yatsuna irin rogon da ya wuce lokacin tono ne. Na taɓa kwance noti da su don sufana ta yi nisa. Da Hajiya ta miƙo mini kwarashi, ɗan ƙarfen nan mai ƙugiya a baki, sai ya ɓace a tafina, muka yi ta nemansa ni da ita.

Ta hana ni taɓa zaren Baba tukuna. Ta ba ni ragowar ulu na koyo, ta zaunar da ni a benci a bayan rumfa, tsakanin buhun zare da wata mata mai jiran hular ɗanta. Aikin a baki ba wuya. A yi 'yar sarƙa, a haɗa bakinta ta zama zobe. A tsayar da saƙa uku a cikin zoben, a bar taga, a sake uku, a bar taga, har kusurwa huɗu su fito. Daga nan duk zagayen da za a ƙara, a cikin tagogin na baya ake shiga. Ko akuya aka yi wa bayanin nan sau biyu za ta gyaɗa kai.

"Direba, sassauta. Ba sitiyari ba ne."

"A sassauce nake, Hajiya."

"To me ya sa zaren ke kuka?"

Ta farko da na gama ta fito da kusurwa biyar. Hajiya ta juya ta, ta ƙirga, ta ce tun da take ba ta taɓa ganin wanda ya yi wa saƙar kaka gyara ba. Ta biyu ta lanƙwashe ta zama ƙoƙo; Madam ta karɓa tana zuba maɓallai a ciki har yau. Ta uku na matse ta sosai har ta tsaya da ƙafarta, in ka jefi kare da ita sai ya kai ƙara. Sai a wajen ta nawa ne ma, Hajiya ta ɗaga, ta duba ta gaba da baya, ta ce, "To. Ba kyau, amma saƙa ce."

Ranar da zan warware suwaitar ban fita aiki ba. Na zauna a baranda da hantsi, leda a cinya. Na daɗe ina kallonta. Duk abin da na yi kafin ranar ana iya fasa shi. Wannan kuwa in na ja, na ja ke nan, babu telan da zai mayar. Na kamo bakin zare a wuya, na ja.

Wari ne ya fara fitowa. Man zafin Mama a sama, ƙarƙashinsa hayaƙin itace, can ƙasa kuma, wallahi, gawayin jirgi. A gwiwar hannun dama na tarar da ɗinki kan ɗinki: na sama da baƙin zaren kitso, aikin Mama ne, na ƙasa da zaren buhu, manya-manyan taku, a karkace, wannan na Baba ne da kansa. Ashe rashin iya aikin hannu gado na yi. Na ɗan zauna a nan ban yi komai ba. Madam ta fito ta gan ni, ta koma ciki.

Zaren ya fito guntu-guntu, a murɗe kamar taliyar yara. Hajiya ta ce a nuna masa tururi zai miƙe. Na ɗora tukunyar ruwa, na tsaya a kanta ina riƙe da gashin suwaitar mahaifina kamar mai gasa hanji. Maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga, ta ga abin da nake yi, ta janye kanta a hankali. Da yamma aka aiko daga coci a tambayi ko lafiya.

Sabon ulu kuwa, duk mai duhu an saye. Abin da ya rage a rumfar Hajiya mai yawan da zai isa riga shi ne ja, da ruwan ɗorawa, da fari. Na ce tsohuwa ce fa za ta sa. Hajiya ta ce sanyi ba ya ganin launi.

Direba yana da abu ɗaya da ya fi kowa: jira. A tasha sai ka yi rabin yini kafin layin lodi ya zo kanka. Da, da barci nake cika wannan lokacin, ko da gardamar ƙwallo. Yanzu sai in kwantar da kujera, in ɗauko leda daga ƙarƙashinta, in fara. Ban kai ga kusurwa ta biyu ba tasha ta taru a tagar motata.

"Oga, yaushe ne haihuwar?"

"A'a, ku bar shi, ya shiga zumuntar mata. Ranar Lahadi shi zai buga tulu."

"Maigida, in ka gama ka yi wa motata hula, tana mura."

Na ce da su duk wanda ya sake magana sai na saƙa masa ɗan kamfai ja, na kai wa matarsa a gaban mutane. Wani direban Kachia, wanda ya fi kowa baki, ya matsa sai na gaya masa ta wace ce. Na gaya masa. Shi tasa uwar ta rasu da damina. Sai ya zagayo ya buɗe ƙofa, ya zauna a kujerar fasinja, ya miƙo hannuwansa biyu na rataya masa ulu ina naɗewa. Muka zauna haka, ƙatti biyu, har aka kira layina.

Sau ɗaya asiri ya kusa tonuwa. Na tsaya a mararrabar Kwoi sai ga Baba Ƙarami da buhunan citta, ya ɗage mini hannu. Dole gaba zai zauna, dab da ledar. Na tura ta can ciki da diddige.

"Ɗana, yaya jikin matarmu?"

"Da sauƙi, Baba."

"Madalla. Asibitin nan, suna barin mutum da kayan gida a jikinsa?"

"Suna bari, Baba. Asibitin zamani ne."

Can idonsa ya sauka a kan kwarashi da na manta a gaban gilashi. Ya ɗauka yana juyawa.

"Wannan fa?"

"Na gyaran kafireto ne."

Ya gyaɗa kai, ya sosa kunnensa da shi, ya mayar.

Da saƙoƙin suka taru, sai wata matsala ta fito. Na farkon, da na yi ina ɗari-ɗari, ƙanana ne masu tauri. Na bayan, da na saki jiki, sun baje kamar faifai. Hajiya ta ce a jiƙa su, a ja kowace ta zo daidai da 'yar'uwarta, a danne da abu mai nauyi su bushe a haka. Abu mai nauyi da nake da shi safaya ce. Na jera su a kan katako, na ɗora wani katakon, na kwantar da taya a sama. Motata ta yi ta zirga-zirga Kwoi babu safaya, fasinjoji ba su sani ba, Allah kuma ya rufa asiri.

Haɗawa a kan gadonmu aka yi. Madam ta tsaya daga bakin ƙofa, hannu a baya don kada a ce ta taɓa, tana ba da umarni: waɗannan baya, waɗannan gaba biyu, waɗancan a ninke su zama hannu. Na ɗinke da babbar allura, na yi wa wuya baki, na sa maɓallai. Da na ɗaga ta sama, sai ga wani abu kamar motar ɗaukar amarya. Ja, ɗorawa, fari, kuma a tsakiyar kowane gida ɗan koren ido yana kallonka. Hannun hagu ya fi na dama tsawo. Na ce da Madam ai dama mutane ba daidai suke ba.

Aka sallami Mama ana saura 'yan kwanaki Kirsimeti. Muka kawo ta gida a naɗe cikin bargo, muka zaunar da ita a ɗakinta, na shigo da suwaitar a hannu biyu kamar mai kai baiko.

Ta dube ta. Ta zura yatsa ta wata taga, yatsan ya fito ta ɗaya gefen, ta motsa shi.

"Kun ɗauke mini riga don ta huje. Kun kawo mini wadda aka huda da gangan."

Na durƙusa na nuna mata idon. Na ce ta duba da kyau. Ta kai shi kusa da fuska, ta murza koren zaren da babban yatsa, ta shinshina. Ta koma na kusa da shi, ta murza. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya har ƙasan riga. Na fara gyara durƙuso don karɓar albarka.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni ne, Mama. Da hannuna."

"Ka yi wa babanka gunduwa-gunduwa."

Ta ninke ta a hankali, ta rataye a bayan kujera, ta juya fuska bango.

Daga ranar ta daina yi mini magana. In tana son ruwa sai ta ce da Madam, "Gaya wa mijinki ya matsa daga haske." Bargo kuwa ba ya zama a jikin mai son shara da leƙen tukunya, da safe sai ka same ta a tsakar gida da zani ɗaya da 'yar shimi, sanyi yana yanka. Fasto ya zo ya yi magana, ta ba shi gyaɗa ya tafi. Na roƙa, na yi fushi, na yi barkwanci, ko gezau. Sai wata safiya na ji tarin ta bango. Ɗan ƙarami ne, busasshe. Na zauna a bakin gado, takalmi ɗaya a ƙafa. Tsohuwar suwaitar, duk da ramukanta, tana rufe wani abu. Ni na warware ta, kuma yanzu babu ko ɗaya a jikinta.

Ban san abin da zan yi ba, don haka na wanke mota.

Ina cikin wankin sai ga acaba ya tsaya a ƙofar gida, Baba Ƙarami ya sauko da kaza a hammata da ƙullin citta. Ba ranar kasuwa ba ce. Na yi ƙoƙarin tare shi da doguwar gaisuwa, na tambayi gona, na tambayi awaki ɗaya-ɗaya, amma ya ratsa ni ya shige ɗakin Mama, ni kuma na bi shi da soso a hannu.

"Matarmu, sannu da jiki. Allah ya ƙara sau..."

Ya tsaya. Ya dubi kafaɗun Mama. Ya dubi kujera. Ya ajiye kaza a ƙasa, ya matsa, ya sunkuya a kan suwaitar har hancinsa ya kusa taɓa ta.

"Wannan koren na san shi."

Ya ɗora yatsa a kan wani ido.

"Na san shi tun yana saurayi. An sake masa gida, amma shi ne." Ya miƙe, ya ɗaga murya kamar dattawan suna bayan taga. "An ce ranar da ta ajiye. Ban ƙara ko kalma ba. Ga matarmu can, ga riga nan. Ɗana, kai shaida ne."

Ya ɗauke ta daga kujera, ya karkaɗe, ya zura hannun hagu. Dogon hannun ya zauna masa cif, kamar da shi na auna.

Matar nan tun da ta dawo daga asibiti sai an riƙe ta take kai wa bakin ƙofa. Ban ga tashinta ba. Na dai ga Baba Ƙarami yana juyi a tsakar ɗaki da hannu ɗaya a sama, Mama tana tuɓe shi kamar mai feɗe akuya.

"Wa ya ce maka ajiyewa na yi? Iska take sha!"

"A bayan kujera?"

"A nan iskar take!"

Ta zura hannu ɗaya, ta zura ɗayan, ta ɓalla maɓallai tun daga ƙasa har wuya, ɗaya ma a ramin da ba nasa ba. Ta koma ta zauna tana haki, ta naɗe dogon hannun sau biyu, ta dube shi.

"Ina cikinta."

Baba Ƙarami ya zauna a bakin gado, ya yi ta gunaguni a kan yadda duniya ta lalace, ba a girmama hukuncin manya. Madam ta shigo da tuwo da miyar karkashi, irin wadda ya fi so, da zafinta, a kwanon baƙi. Na dubi tuwon. Tuwo ba ya nuna a tsakanin saukar mutum daga acaba da zamansa. Na bi ta madafa na tambaye ta wa ya gaya wa Baba Ƙarami an sallami Mama.

"Gaisuwa kawai na aika," in ji ta, tana goge murfin tukunya. "Laifi ne a gaishe da suruki?"

Da zai tafi na raka shi bakin hanya. Akwai guntun koren zare ɗaya da ya rage, na yi 'yar saƙa da shi na ajiye a aljihu ban san ta wa ba. Na ciro na ba shi. Ya juya ta, ya murza idon tsakanin yatsu, irin murzar da yake yi tun Baba yana raye. Ya cire hularsa, ya sa ta a ciki, ya mayar.

"Wannan somin-taɓi ne," ya ce. "Ka gaya mata ban janye ba."

Na gaya mata. Ta ce ya zo, tana nan. Wannan ce magana ta farko da ta yi mini kai tsaye.

Washegari ta kira Madam ta ce a buɗe akwati a ɗauko mata ta Jos ɗin nan mai kauri. Ta ce za ta riƙa sa ta a ciki, ba don sanyi ba, don kada gumi ya ci mata koren zare. Muka ce haka ne, gumin Disamba ba shi da kyau. Tarin ya yi kwanaki yana neman hanya, bai samu ba, ya tafi.

Ranar Kirsimeti da ita ta je sujada. Daga bakin titi ana hango ta, har wani mai acaba ya rage gudu ya ɗauka shingen hanya ne. Bayan an tashi matan zumunta suka kewaye ta, suna zura yatsu a tagogin, suna tambayar wace gwana ce ta yi wannan aiki. Ina tsaye a gefe, na gyara wuyan riga.

"Direba ne," in ji Mama. "Ba ku ga tana ja hagu ba?"